Rigasa: Gari guda da ake tafiyarwa kamar mazaɓa

Duk wanda ya hau jirgin ƙasa daga Abuja zuwa Kaduna, a Rigasa yake sauka. Tun da aka buɗe layin dogon a watan Yulin 2016, sunan unguwar ya zagaye ƙasa. Sai dai mafi yawan fasinjoji titin tasha kawai suka sani. Suna shiga mota su wuce cikin gari, ba su ga lungunan da jama'a ke kwana suna tashi ba.

A hukumance, Rigasa mazaɓa ce guda cikin mazaɓu 12 na Ƙaramar Hukumar Igabi, wadda hedikwatarta ke Turunku. Kansila ɗaya ke wakiltarta, daidai da kowace mazaɓar karkara a yankin. A zahiri kuwa, Rigasa ta daɗe da zama gari mai zaman kansa, da kasuwanninta da tashoshin motarta da unguwanni irin su Hayin Ɗanmani da Hayin Malam Bello, kowace da cinkosonta.

Cikar ba ta zo haka kawai ba. Rikicin Kaduna na shekarar 2000 da na 2002 sun sauya taswirar zaman jama'a, inda Musulmi da dama suka baro kudancin birnin suka koma unguwannin arewacin kogi, har da Rigasa. Tsadar haya a tsakiyar gari ta turo ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. A 'yan shekarun nan kuma, hare-haren 'yan bindiga a yankin Birnin Gwari da ƙauyukan Igabi sun koro iyalai zuwa wajen danginsu. Ga kuma haihuwa. Wanda ya tsaya bakin titi lokacin tashin makaranta zai gane cewa yara da matasa ne suka fi yawa.

To, mutum nawa ne a Rigasa? Wasu su ce miliyan ɗaya, wasu su ninka, amma duk ƙiyasi ne. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a Najeriya ita ce ta 2006, kuma ta ba Igabi baki ɗaya kimanin mutum 430,000. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Ke nan jaririn da aka haifa a shekarar waccan ƙidaya yanzu ya isa jefa ƙuri'a, amma da lissafin shekarar haihuwarsa ake tsara masa aji da gadon asibiti.

Tela ba ya yanka yadi sai ya auna mai riga. Rashin awon ne ya sa ake ganin azuzuwan firamare maƙil da yara, da dogon layin mata masu juna biyu a wuraren awo. Gidaje da yawa sun dogara ne da rijiya da burtsatse da 'yan ga-ruwa. Inda aka yanka filaye babu tsari, salga kan zauna dab da rijiyar maƙwabci, kuma ta nan amai da gudawa ke samun ƙofa. Da damina, kwatocin da shara ta toshe kan mayar da ruwa cikin gidaje.

An daɗe ana kiran a ba Rigasa ƙaramar hukuma, kuma kiran yana da hujja. Amma ƙananan hukumomi 774 a rubuce suke cikin kundin tsarin mulkin 1999, ƙara guda sai an bi ta Majalisar Tarayya. Mai naƙuda ba za ta jira wannan doguwar hanya ba.

Akwai abin da za a iya yi tun yanzu. Hukumar Ƙididdiga ta Jihar Kaduna ta ƙirga gidaje da mazaunan Rigasa unguwa-unguwa, tare da masu unguwanni da limamai, ta kuma wallafa sakamakon kowa ya gani. A kan wannan adadi za a tsara sabbin azuzuwa da ƙananan asibitoci da bututun ruwa. Hukumar tsara birane ta keɓe filin makaranta da hanya a sabbin unguwannin da ke tasowa kafin masu yanka filaye su cinye su. Majalisar Igabi kuma, bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan kuɗin ƙananan hukumomi, ta bayyana nawa take kashewa a kowace mazaɓa.

Su ma mazauna Rigasa da nasu nauyin: su daina zuba shara a kwata, su yi wa 'ya'yansu rajistar haihuwa. 'Yan siyasa sun san yawan Rigasa sarai idan zaɓe ya ƙarato. Ya kamata su tuna da wannan yawan ranar rubuta kasafin kuɗi.