Kwalliyar Sallah Da Abin Da Take Tunasarwa

Duk sa'ad da azumi ya kusa ƙarewa, magidanta sukan shiga gyaran gidaje domin tarbar Sallah. Yau aikin bai wuce gwangwanin fenti da buroshi ba. Amma dattijon da ke zaune a ƙofar gida yana kallo, shi ya san abin da aka rasa.

A da, a biranen Zariya da Kano, magina ne ke shafe bango da makuba, su zana dagi a bisa ƙofar zaure, su gyara zankwayen da damina ta cinye. Mata kuwa su yi daɓe, su wanke tasoshi su sake jere. Cikin irin waɗannan magina aka sami Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

Zuwan siminti ba laifi ba ne, gama yana jure ruwa. Abin baƙin ciki shi ne tsofaffin magina suna ƙarewa ba magada. Ya kamata makarantun koyon sana'a su ɗauke su koyarwa tun suna da sauran ƙarfi. In aka yi sakaci, wata Sallar tana tafe wadda jikoki ba za su ga zanen bango ba sai a hoto.