Ɗalibi Ne Ko Abin Zargi?

A Amurka akwai kwalejojin al'umma na shekara biyu, waɗanda ƙofarsu a buɗe take ga kusan duk wanda ya gama sakandare. Can ɗan talaka ke fara neman ilimi mai zurfi, can uwa mai aikin yini take zuwa darasin dare.

Sai dai buɗe ƙofa bai goge tarihin unguwa ba. A shekarun 1930 hukumomin gwamnati sun shata wa unguwannin baƙar fata jan layi a taswira, bankuna suka hana su rancen gida. Kotun Ƙoli ta haramta wariyar launi a makarantu a 1954, amma a 1974, a shari'ar birnin Detroit, ta ƙi yarda a gauraya ɗaliban cikin gari da na unguwannin kewaye. Kwalejin al'umma kuwa daga maƙwabta take ɗibar ɗalibai, kuma a jihar Illinois wani kaso na kuɗinta daga harajin gidajen yankin yake fitowa. Shi ya sa yawancin ɗaliban kwalejin Kennedy-King a kudancin Chicago baƙaƙe ne, alhali kwalejin DuPage tana zaune a gundumar masu hali.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda tsaro ke bin wannan rabo. A kwalejojin cikin gari da yawa, mai gadi ne farkon wanda ɗalibi zai tarar: nuna kati, kyamara na bin ka har bakin aji. Na'urorin tantance fuska ma ba adalai ba ne. Binciken Joy Buolamwini na 2018 ya gano wata manhajar tantance fuska tana kuskuren jinsin mata masu duhun fata kusan kashi 35 cikin ɗari, a kan fararen maza kuwa kuskuren bai kai kashi 1 ba.

Za a ce unguwar ce ke da hatsari. To, ai ɗalibin nan shi ne wanda ya kamata a kāre, ba wanda za a sa wa ido ba. Wanda ake yi wa kallon ɓarawo kowace safiya, da wuya ya ji makarantar tasa ce, kuma wanda bai ji haka ba ya fi saurin watsar da karatu.

A auna tsaro da mudu ɗaya a birni da kewayensa. Kowace kwaleji ta bayyana su wa ake tsarewa, da dalili. Kuɗin ƙarin kyamarori kuma a ba malamai da masu ba da shawara, domin su ne ke riƙe ɗalibi har ya karɓi takardarsa.