A rubuta asalin garuruwanmu tun tsofaffi na raye

A ƙarshen watan Maris na shekara ta 2025 ne hukumomin ƙoli suka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa, wanda ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Kafin nan, cikin watan Oktoba na 2024, an canza sunayen wasu tituna da dandali a birnin Yamai, inda titin da ke ɗauke da sunan Janar de Gaulle ya koma titin Djibo Bakary. Jama'a da dama sun yi marhabin da waɗannan matakai. To amma Yamai ba ita kaɗai ce Nijar ba. Mafi yawan al'ummar ƙasar nan a karkara suke zaune, cikin dubban garuruwa da ƙauyuka waɗanda sunayensu namu ne tun asali, ba su bukatar a canza su. Abin da suke bukata shi ne a rubuta su daidai, a kuma rubuta labarin da ke bayansu tun waɗanda suka san shi suna da rai.

Duk wanda ya bi babbar hanyar ƙasa daga Doso zuwa Damagaram ya san allunan da muke magana a kai. Zai karanta Dogondoutchi, Madaoua, Guidan Roumdji, Tibiri, Tchadoua, Gazaoua, Tessaoua, Maïjirgui. In ya sauka tasha ya saurari kwandasta yana kiran fasinja, abin da zai ji shi ne Dogon Dutsi, Madawa, Gidan Rumji, Tsibiri, Cadawa, Gazawa, Tasawa, Maijirgi. Nasara sun rubuta abin da kunnensu ya ji da haruffan da harshensu ke da su. Faransanci ba shi da ƙ, ba shi da ɗ, ba shi da ɓ, shi ya sa Ɗan Isa ya koma Dan Issa, Dogon Ƙirya ya koma Dogonkiria. Fiye da shekara 60 bayan samun mulkin kai a 1960, wannan rubutun ne ke kan taswira da takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa. Yaron lakwal da ke rubuta Dogonkiria kowace safiya a saman littafinsa yana iya gama makaranta bai taɓa lura cewa da sunan itacen ƙirya ake kiran garinsu ba.

Alhali kuwa sunan gari a ƙasar Hausa ba a banza ake sa shi ba. Wani sunan itace ne, kamar Magarya a jahar Damagaram, ko Bagaruwa a jahar Tawa, ko Koran Kalgo kusa da Tasawa. Wani kuma yanayin wurin yake faɗi, kamar Dogon Dutsi, wanda tsaunin da ke tsaye a gefensa ya isa shaida. Wani yana riƙe da sunan wanda ya fara saran daji, shi ne duk inda muka ji Gidan Wane, Garin Wane, Rijiyar Wane ko Ɗan Wane. Wani sarauta ce ta zama sunan gari, irin su Sarkin Yamma da Sarkin Hausa a jahar Maradi. Inda aka ce Zango, a bincika za a tarar da Buzaye ko ayarin fatake a tushen wurin. Inda aka ce Ruga, Fulani ne. Inda aka ce Tunga, sansani ne na manoma ko masunta da ya daɗe har ya zama gari. Sabon Gari da Sabon Gida kuwa tambaya suke jefa wa mai hankali: ina tsohon yake, kuma me ya tashi mutane daga can? Haka abin yake a sauran harsunan ƙasa, domin mai jin Tamashek ya san akwai ƴan mata cikin sunan Cintabaraden, ko da rubutun allo bai gaya masa ba.

A zamanin da gandun daji ke ƙarewa, waɗannan sunaye har shaida suke bayarwa a kan ƙasar kanta. Garin da ake kira da sunan kuka ko tsamiya ko gawo, alhali yau babu ko ɗaya a kewayensa, yana gaya wa ma'aikatan gandun daji irin itacen da wurin ya taɓa ɗauka. Wanda ake kira da sunan tafki ko ƙorama yana nuna wa masu neman ruwa inda za su fara dubawa.

Sannan babban tarihin ƙasar nan a ƙananan garuruwa yake kwance. Birnin Lalle, cikin gundumar Dakoro, yau ƙaramin gari ne wanda matafiyi zai wuce bai waiwaya ba, amma ya taɓa zama mazaunin sarakunan Gobir. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 Gobirawa sun yi ta ƙaura, har zuwa yaƙin Gawakuke na 1836 inda aka kashe Sarkin Gobir Ali, daga nan ne Mayaƙi ya kafa Tsibiri dab da Maradi. Ita kanta Maradi, sarakunan Katsina da jihadi ya kora ne suka maishe ta mazauninsu a zamanin Ɗan Kasawa, wajajen 1819, shi ya sa har gobe Sarkin Katsina ake ce wa mai sarautar garin. Ambaliyar 1945 ce ta tashi tsohon garin daga cikin fadama ta hau da shi tudu. A gabas kuma, Mirya da Dungas da Waca ƙasashen Sosebaki ne masu sarautunsu tun kafin Damagaram ta yi ƙarfin da ta yi. Wanda bai san waɗannan ba zai ɗauka girman gari a yau shi ne girmansa a jiya.

Shekarar 1899 kaɗai ta isa misali. Rundunar Voulet da Chanoine ta bi ta ƙasar nan tana ƙone-ƙone da kashe-kashe. A Lugu, cikin ƙasar Arewa, Sarauniya Mangu ta tare ta cikin watan Afrilu. A watan Mayu aka yi wa Birnin Kwanni kisan gilla. A Dankori aka harbe Kanar Klobb ranar 14 ga watan Yuli, kwanaki kaɗan bayan haka sojojin rundunar suka kashe shugabannin nasu biyu a wajen Maijirgi, inda kaburburansu suke. Duniya ta san Lugu saboda littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986. Sauran ƙauyukan da ke kan wannan hanya fa, waɗanda aka ƙone, wasu suka sake zama a wani wuri, wasu suka zama kufai? Labarinsu yana bakin jikoki da tattaɓa kunnen waɗanda suka tsira, kuma kowace shekara masu riƙe da shi raguwa suke yi.

Ba mu ce ba a yi kome ba. Marigayi Boubou Hama ya tara rubuce-rubucen da ke ajiye a cibiyar IRSH ta jami'ar Abdou Moumouni. Cibiyar CELHTO, wadda aka kafa a Yamai a 1968 domin tattara tarihin baka, ta naɗi muryoyin tsofaffi masu yawa. André Salifou ya rubuta tarihin Damagaram, Djibo Hamani ya rubuta na Adar. Tun kafin su, tawagar Tilho da ta shata iyaka tsakanin Faransa da Ingila daga 1906 ta tafi da wani hafsa mai suna Landeroin, wanda ya bi fada fada yana rubuta jerin sarakuna. Sai dai akasarin wannan aiki a kan manyan masarautu ya tsaya, cikin Faransanci aka wallafa shi, kuma a Yamai ko Faransa yake ajiye. Ƙauyen da bai taɓa yin sarki mai tambari ba, ba safai ake samun ko layi biyu a kansa ba. Mafi yawan garuruwan arewacin Mayayi da Dakoro irin waɗannan ne: manoma ne suka fita daga garuruwa masu ganuwa bayan yaƙe-yaƙe sun lafa a farkon ƙarni na 20, suka nausa arewa neman gona, suka gina rijiya, suka zauna. Tarihinsu bai wuce kaka uku ko huɗu ba, wato har yanzu ana iya kama shi da hannu.

Wani zai ce, ana fama da tsadar hatsi da matsalar tsaro, wa ke ta sunan ƙauye? Amsarmu ita ce matsalar tsaron ce ma ta sa abin ya zama na gaggawa. A shekarun nan ƴan bindiga sun tashi ƙauyuka a yankunan Madarunfa da Gidan Rumji da ke bakin iyaka, wasu mutanen sun watsu cikin dangi, wasu sun shige birni. Idan gari ya watse, tsohon da ya san iyakar gonaki ya rasu a gudun hijira, ranar da aka dawo wa zai faɗi inda gonar wane ta tsaya? Tun da aka kafa dokar karkara a 1993, kwamitocin kula da filaye da sarakunan gargajiya ne ke sasanta rigingimun gona da burtali da mashaya, kuma a yawancin shari'un nan maganar tana komawa ne ga tambaya guda: wa ya riga zama, wa ya gina rijiya, wa ya ara wa wani? Wannan tarihin gari ne tsantsa. Rashin rubuta shi ya sa mai baki da mai kuɗi ke iya sake saƙa shi yadda suke so, a bar maraya da gwauruwa da rantsuwa kawai.

Akwai kuma masu tsoron cewa tonon asali tonon faɗa ne. Wannan tsoro yana da hujja, domin mun sha ganin yadda zaɓen maigari ko sarkin kanto ke raba zuri'a guda gida biyu, kowane ɓangare da nasa labarin kafuwar gari. Akwai ma garuruwan da asalinsu ya taɓa zancen bauta, abin da ba kowa ke son a tayar ba. Amma shiru bai taɓa kashe irin wannan rigima ba, sai dai ya ajiye ta har ranar da babu sauran mai shaida. Maganin shi ne mai tattara tarihi ya san shi ba alƙali ba ne. Ya ji ta bakin gidan sarauta, ya ji ta bakin liman da maƙera da mahauta da makaɗa, ya je rugar Fulani da zangon Buzaye da ke gefen gari. Kada ya manta da tsofaffin mata, domin su ne suka fi riƙe wa ya auri wa, daga wane gari aka kawo wance. In labari ya zo iri uku, a rubuta shi iri uku, kowane da sunan wanda ya faɗe shi da ranar da ya faɗa. Abin da zai zubar da mutuncin wani gida kuwa a ajiye shi a ma'ajiya, ba sai an karanta shi a rediyo ba.

Aikin nan bai fi ƙarfinmu ba. Lokacin da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, komin 265 aka raba ƙasar, kuma ko da yake an rushe majalisunsu a 2024 an naɗa masu riƙon ƙwarya, meriya tana nan, ma'aikatanta suna nan. Kowace meriya tana da jerin garuruwan da take karɓar haraji a cikinsu. Muna kira da a buɗe rajista guda a kowace komin, a ba kowane gari shafinsa: sunansa yadda masu shi ke faɗi, da rubutun Hausa na ƙa'ida wanda gwamnati ta tsayar tun 1999, sai rubutun Faransanci a gefensa domin kada takardun mutane su rikice, sai ma'anar sunan, da wanda ya kafa garin, da inda ya fito, da jerin masu garin. Inda sunan na Zabarmanci ne ko Fulatanci ko Barbarci ko Tamashek, a rubuta shi da ƙa'idar harshensa. A kuma girmama karin harshen kowane yanki, kada a ɗauko lafazin wani wuri a ɗora wa mutanen Arewa ko Adar.

Ma'aikata kuwa muna da su. Kusan kowane babban ƙauye yana da malamin lakwal, kuma wayar salula da ke aljihunsa ta isa ta naɗi hirar awa guda. Tsofaffinmu ba su ƙirga shekara da lamba, amma suna cewa an kafa gari kafin yunwar Kakalaba ko bayanta, an gina rijiya shekara biyu bayan El Buhari, kuma malami ya san ta farko 1913 zuwa 1914 ce, ta biyun 1984. Jami'o'in Maradi da Damagaram da Tawa, waɗanda biyu daga cikinsu ke ɗauke da sunayen masana tarihin da muka ambata, suna iya tura ɗalibai garuruwansu lokacin hutu, a lissafa masu aikin cikin karatunsu. Gidajen rediyon karkara su ware rabin awa a mako, gari guda kowane mako, a bar masu saurare su kira su yi gyara. Ƴan kasuwa da ma'aikata ƴan asalin gari, waɗanda ke tara kuɗi domin gina masallaci ko aji, ba za su kasa sayen allon bakin hanya mai rubutu biyu ba.

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Yaranmu da yawa a Yamai ko Agadas ko Kano ko Libiya za su girma, abin da zai rage tsakaninsu da garin kakanninsu shi ne sunan da ke kan takardar haihuwar iyayensu. Haƙƙinsu ne su iya faɗin sunan nan daidai, su kuma san abin da yake nufi. Muna fata ma'aikatar cikin gida da ta ilimi da ta al'adu, tare da ƙungiyar sarakunan gargajiya, za su zauna a kan wannan magana tun kafin wata damina ta sake tafiya da wasu tsofaffin. Allah ya sa masu iko su ji, ya kuma zaunar da garuruwanmu lafiya.