Kashe waya da tsakar dare ba ya kare kowa daga rana

Makon jiya wata ɗalibata ta shigo aji tana gyangyaɗi. Da na tambaye ta, sai ta ce ai ba su runtsa ba a gida, wai an turo saƙo ta WhatsApp cewa rana za ta yi aman wani haske mai kisa da tsakar dare, kowa ya kashe wayarsa. Kakarta mai hawan jini a zaune ta kwana.

To jama'a, gaskiya ne rana tana aman wuta. A samanta akwai layukan maganaɗisu da ke murɗewa kamar igiya, har su tsinke su sake haɗuwa. Ƙarfin da ke fita a lokacin shi ke wurga ƙananan ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektiron, wasu da gudun da ya kusa na haske. Idan suka faɗa wa iskar rana mai kauri da ke ƙasa, sai su ci birki farat ɗaya, ƙarfin gudun ya koma hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Tauraron ɗan Adam na hukumar NASA mai suna RHESSI ya yi ta nazarin wannan daga 2002 zuwa 2018.

Hasken yana ratso kusan kilomita miliyan 150 cikin minti 8 da 'yan daƙiƙu. Amma iskar da ta lulluɓe duniya tana shanye shi tun a can sama, ba ya iso jikinmu. Abin da yake taɓawa shi ne rediyon gajeren zango, sai tasha ta ɗauke na ɗan lokaci. Kuma ɓangaren duniya da ke fuskantar rana kaɗai yake samu. To don Allah, mene ne na kashe waya da tsakar dare?

Ni dai laifinmu nake gani, mu malamai. Muna koyar da kimiyya da harshen gwamnati don cin jarrabawa, yaro ya koma gida ya kasa bayyana wa kakarsa da Hausa. Mai ƙirƙirar jita-jita kuwa da muryar Hausa yake shigowa zangonninmu.

Ranar minti goma na ɗauka na yi wa ajin bayani da Hausa, na ce kowa ya kai gida. Ina roƙon 'yan uwana malamai su gwada haka. Iyaye kuma, kafin ku tura irin wannan saƙo gaba, ku fara tambayar malamin ɗanku.