Filin Kimiyya: Gurjin Teku, Mai Fansar Kansa Da Hanjinsa

A ƙarƙashin teku akwai wani abu mai kama da gurji, shi ya sa Turawa suka laƙaba masa sunan gurjin teku, alhali kuwa dabba ne. Masana sun ƙidaya irinsa fiye da 1,700. Ba shi da ido, ba shi da ƙwaƙwalwa, numfashi ma ta dubura yake yi. Abincinsa kuwa ruɓaɓɓun abubuwan da ke cikin yashi, watau shi ne mai sharar gindin teku.

Duk da sanyin jikinsa, Allah bai bar shi ba makami ba. In kifi ko ƙaguwa suka matsa masa, sai ya fesar da hanjinsa waje, cikin 'yan makonni ya toho da sabo. Fatarsa tana da dafi mai kashe kifi. Cikin ruwan jikinsa kuma akwai waɗansu ƙwayoyin halitta masu haɗiye ƙwayoyin cuta su narkar.

Amma duk dabarun nan ba su tsare shi daga ɗan Adam ba. Mutanen Sin suna sayen busasshensa da tsada don miya, a Malesiya kuwa ana shafa mansa a rauni. Da kamun ya yi yawa, Indiya ta haramta shi a 2001. A 2019 kuma taron ƙasashen duniya a Janeba ya ƙayyade cinikin iri uku daga cikinsu. Dalili kuwa, in aka kwashe mai shara, yashin teku zai ƙazantu, masunta su ne za su fara ji a jikinsu.