Kifi mai lamba

Makiyayi na sa wa shanunsa alama don ya gane su a mashaya. A Amurka har kifi ake sa wa alama.

A kogin Kolambiya akwai kifi mai suna salmon. Cikin kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya girma, ya komo ya zuba ƙwai. Amma an datse kogin da manyan madatsai, kamar ta Bonabil da aka gama a 1938. Kifin da ya taso daga jihar Aidaho madatsa 8 yake ƙetarewa. Da yawa na mutuwa a hanya.

Tun wajen 1987 ma'aikata ke sa wa ƙananan kifi ƴar na'ura a ciki da allura. Tsawonta milimita 12, kamar ƙwayar shinkafa. Kowace da lambarta. An ɗaura wayoyi a mashigar kifi jikin madatsa. In kifi ya wuce, waya ta karanta lambarsa, kwamfuta ta rubuta rana da sa'a. Ba sai an sake kama shi ba.

Da haka aka san nawa ke ɓacewa tsakanin madatsa da madatsa. Lokacin da ƙananan kifi ke gangarawa, ana sakin ruwa ta ƙofofi don kada su bi ta injin lantarki.

A Nijar ma an aza harsashin madatsar Kandaji a 2008. Kifin kogin Kwara shi ma matafiyi ne, kuma shi ne abincin masunta. Mai datse kogi ya kamata ya san hanyar kifi.