Zane bisa zane: gaton buki da matan Maraɗi

Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Wanda ya halarci buki ko suna a Maraɗi cikin ƴan shekarun nan, ta yiwu ya ga wani baƙo da ya fara shigowa faranti jefi-jefi, yana zamnawa kusa ga alkaki da dubulan da nakiya. Ɗan gato ne busasshe, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, amma bisa fuskarsa an zana hoto sukutum: ga sararin sama, ga itace, ga ɗaki, ga sunan amarya ko na jinjiri. Yara na rububinsa, uwaye mata kuwa na jujjuya shi cikin hannu suna tambayar wadda ta yi, da nawa ta saida.

Da yawa na zaton alƙalami ne anka riƙe anka zana shi ɗaya bayan ɗaya. Asirin ya fi haka sauƙi. Wata takardar roba ce marar kauri da anka huda siffa cikinta, wadda Faransawa ke kira pochoir, a Hausance kuwa ana iya ce mata allon huda. Ana aza ta bisa gaton, a shafa kwaɓin sukari mai launi, a ɗaga, sai siffar ta zamna daram. In anka yi haka da allo ukku ko huɗu, wani bayan wani, sai hoto ya fito mai nesa da kusa, kamar mutum ya tsaya bisa tudu yana hangen fadama.

Dubarar ba baƙuwa ba ce ga macen Maraɗi. Duk mai ƙunshi da ta taɓa yanka salatif ta lilliƙa shi ga ƙafar amarya kafin ta shafa lalle, ta riga ta san aikin allon huda: inda anka rufe ya tsira, inda anka bari a buɗe ya ɗauki launi. Haka marinan Abeokuta ta ƙasar Yarbawa ke yi da hudajjen gwangwani da kokon rogo kafin su tsoma zane cikin baba, haka mutanen Japan sunka daɗe suna yi da hudajjiyar takarda wajen rinin tufafinsu. Abin da ya sake shi ne wurin da zanen ke sauka, domin wannan karo cikin bakin yaro zai ƙare.

Ga yadda aikin yake. Ana haɗa awo ukku na garin alkama da awo biyu na man shanu da awo ɗaya na sukari, a murza, a yanka, a gasa minti 10 zuwa 12 cikin wuta mai zafin digiri 170 zuwa 180, a bari ya huce sarai. Kwaɓin zane kuwa, farin ƙwai guda ne da wajen giram 200 na garin sukari mai laushi da ɗigon lemun tsami, a buga har ya yi fari ya tsaya da kansa. Shafin farko shi ne daɓe, kuma sai an sassauta shi da ruwa kaɗan don ya malale ya daidaita. Daɓen na bukatar awa 6 zuwa 8 kafin ya bushe, shi ya sa masu wayo ke yin sa da dare su bar shi ya kwana. Wadda ta yi garaje ta aza allo bisa ɗanyen daɓe, yatsanta zai lotsa shi, aikin yini ya lalace.

Da safe sai a fara da abin da ya fi nisa. Allon farko na sama ne da rana, da launi mai haske. In ya sha iska wajen rabin awa, sai allo na biyu, na itatuwa da rumbuna, da launi mai ɗan ƙarfi. Na ƙarshe shi ne abin da ke kusa ga ido, mutum ko dabba ko rubutu, da launin da ya fi duka duhu. Kwaɓin wannan mataki dole ya yi kauri kamar man goge haƙori, in ba haka ba ya kutsa ƙarƙashin allo ya ɓata gefen zane. Shafa ɗaya ake yi da bayan wuƙa, a share ragowa, a ɗaga allon tsaye ba tare da an ja shi ba, a wanke shi a shanya kafin a koma kan wani gato. Mai yanka allo da kanta kuma sai ta tuna da barin ƴan mahaɗai cikin siffa, domin in ta huda harafin O zagaye guda, tsakiyarsa faɗuwa zai yi.

Yanayi ma na da ta cewa. Hunturu abokin wannan sana'a ne, don busasshiyar iska na ƙafar da sukari da wuri, sai dai a rufe faranti saboda ƙura. Damina kuwa, musamman watan Agusta, laima na hana kwaɓi bushewa, launuka su riƙa cin iyakar juna. Babbar fa'idarsa ita ce, in ya bushe ba ya bukatar firiji, yana iya yin mako biyu cikin rufaffen gwangwani. Wanda ya ga yadda babban gato mai kirim ke narkewa cikin zafin watan Afrilu, ko ya tuna duhun da gari ya shiga sa'ad da Najeriya ta yanke wutar lantarki a watan Agusta na 2023, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To amma fa, zuma da zaƙi, da harbi. Garin alkama da mai da garin sukari, yawancinsu daga waje suke shigowa, kuma Maraɗi ta sha ganin yadda abin da ya faru nesa ke faɗowa cikin kwanon awo. A watan Janairu na 1994 anka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kayan waje sunka yi tashin gwauron zabi. Daga Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020 Najeriya ta rufe iyakokinta, hanyar Ɗan Isa da Jibiya ta yi tsit. A 2022 yaƙin Rasha da Ukraniya ya tada farashin alkama a duniya, sannan takunkumin CEDEAO na 2023 ya biyo baya, ba a ɗage shi ba sai Fabrairu na 2024. Macen da ta karɓi kuɗin uwar amarya wata guda kafin buki, ba ta yi lissafin gari da gawayi da awannin da za ta ɓata ba, za ta tashi da yabo a baki, lalita kuwa wayam.

Abu na biyu ya fi na farko nauyi, shi ne launi. Ba duk abin da ke rina hannu ya cancanci shiga ciki ba. A kasuwar Litinin da ta Juma'a ana samun garin launi ƙulle cikin leda, ba suna, ba adireshi, ba ranar lalacewa, kuma mai saye ba ta da hanyar rarrabe na abinci da na rinin zane. Hatta cikin launukan abinci na gaske akwai waɗanda anka ɗora wa ayar tambaya. Tun 2010 Tarayyar Turai ta wajabta rubuta gargaɗi game da yara bisa abincin da ke ɗauke da wasu launuka shida, cikinsu har da rawayan nan mai lamba E102. A 2022 ta hana farin nan mai lamba E171, a watan Janairu na 2025 kuma Amurka ta soke izinin jan launin da Turawa ke kira E127. Haka tsohuwar takardar hoton ƙashi ta asibiti, ko da tana yankuwa da kyau, akwai magunguna a jikinta, bai kamata ta taɓa abinci ba. Ɗanyen ƙwai ma na iya ɗauko cutar zawo, don haka sai an zaɓi sabo marar tsagewa, ko a nemi garin farin ƙwai na gwangwani.

Maganin kuwa na nan kusa. Lambunan Jiratawa sun shahara da zogale, wanda garin busasshen ganyensa ke ba da kore. Ruwan soɓo mai kauri na ba da ja mai garwaye da shuɗi, kurkum na ba da rawaya, garin kakawo na ba da ƙasa-ƙasa. Ba su kai na kwalba ƙyalli ba, kuma in anka cika su ɗanɗano na sakewa, amma uwa na iya miƙa wa ɗanta hankali kwance.

Saura batun abin da ake zanawa. Allunan da ake sayowa daga waje cike suke da dusar ƙanƙara da barewar ƙasashen sanyi da gidaje masu bututun hayaƙi, abubuwan da yaron Zariya ko na Sabon Gari bai taɓa gani ba. Alhali kuwa ƙasar Katsina da Gobir ba ta rasa abin nunawa ba. Ga Gulbin Maraɗi, wanda ambaliyarsa ta 1945 ta sa gari ya bar fadama ya hau tudu. Ga ƙofar fadar Sarkin Gobir a Tsibiri, garin da Mayaƙi ya kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Ga gawo, ga rumbu, ga amalanke, ga jar akuyar Maraɗi da fatarta ta kai suna har Turai. Allo ukku sun isa: gulbi can nesa, gawo tsakiya, akuya gaba. Magina da masu sassaƙar ƙwarya da dukawa na da siffofi jibge cikin kawunansu, ba abin da ya rage sai a zamna da su da reza da takardar roba mai tsabta.

Kada kuma sabon baƙo ya sa a yi wa na gida kora da hali. Alkaki da nakiya sun riƙe garar ɗiyan Hausawa tun kafin a san murhun gas, kuma tsofaffin da sunka iya naɗin alkaki na ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar da ta koyi allon huda ta wayar salula, in ta koma wajen kakarta ta koyi naɗi da tsimin alkama, ita ce za ta riƙe farantin buki gaba ɗaya. Cibiyoyin koyar da sana'a da ƙungiyoyin mata na iya haɗa darussan biyu cikin aji guda, su ƙara da lissafin riba da karatun lambobin launi, jami'an tsabta kuma su leƙa ledojin da ake saidawa a kasuwa. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana.